Gawayi Mai Barci

Duk wanda ya ci Kasuwar Daji a shekarun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ya san Tsoho mai gawayi. Dogo ne siriri, mai ɗan rankwafawa, baƙi tun daga halitta, sana'a kuma ta ƙara masa. Bayan hannunsa na dama babu gashi ko ɗaya, fatar ta yi sulɓi, saboda da shi yake auna zafin ƙasa tun yana saurayi. Sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa ake ce masa Tsoho tun yana goye, kuma sunan ya bi shi, don ba wanda zai ce maka ya taɓa ganinsa yana gaggawa.

Gawayin ƙirya yake yi, irin wanda maƙera ke rububi, mai nauyi, in ka gwara biyu su yi ƙara. Aikin ba na mai garaje ba ne. A sari itace a jera shi tsibi, a lulluɓe da ɗanyar ciyawa, a bi da ƙasa a daddaɓe, a bar 'yan kafofi, sannan a sa wuta ta ƙasa a koma gefe a zuba ido. Muddin farin hayaƙi na fita, tsibin yana da rai, kowa ya san kada ya matsa. In hayaƙin ya sirance ya ɗauke, sai a toshe kafofin. A nan ake gane gwani, don tsibin da ya yi shiru iri biyu ne. Akwai matacce, wanda wutarsa ta rasa iska ta mutu har cikin zuciyar itacen. Akwai kuma mai barci: ƙasarsa ta yi sanyi har ƙadangaru na hawa, amma can tsakiya wani kututture na riƙe da jan garwashi, iska kawai yake jira. Tsoho kan durƙusa ya tona gefen tsibi, ya kwantar da bayan hannu, ya yi shiru. In ya miƙe ya ce a bari, to a bari.

Abokin aikinsa tun ƙuruciya Magaji ne, ɗan kawunsa, wato taubashinsa. Kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai: ka wanke mutum tas a bainar jama'a ya yi dariya, in ya yi fushi shi ne mara hankali. Magaji ya samu wannan dama ya riƙe ta hannu bibbiyu. Gajere ne mai tumbi da fara'a, mai saurin baki da saurin ƙafa, irin mutanen da ke gaishe ka suna leƙen abin da ke bayanka. Shi ke da jakuna, shi ke ciniki. Tsoho ke da daji da wuta.

Daga Gurbin Bore Tsoho ya auro Kulsumu, ita kaɗai ce ke sa shi dariya har a jiyo daga waje. Takan ce ta gaji da ɓarnar sabulu, gara ta riƙa wanke buhunan ta bar mijin. 'Ya ɗaya suka haifa, Firdausi. Yana son matar nan so irin na mutumin da bai iya faɗa ba, sai dai ya tsinko mata kanya a daji ya ajiye bakin ƙofa ya wuce kamar ba shi ba.

Wata bazara, Firdausi ba ta wuce shekara biyar ba, kurkunu ya kwantar da Kulsumu. Ƙafa ta kumbura, ko taka ƙasa ba ta iyawa. Tsoho ya shirya zuwa kasuwar Shinkafi nemo mata magani. Tsibinsu na gabas a lokacin ya yi shiru, don haka kafin ya kama hanya ya biya ta wajen Magaji.

"Kak ka taɓa na gabas," ya ce. "Shina barci. Bari in dawo."

"Haba taubashi, ni za ka koya ma gawayi?" in ji Magaji yana dariya. "Tahi abinka."

Tsoho na ba da baya aka ce wata mota za ta zo daga Kaura neman kaya. Idon Magaji ya rufe. Ya ruga daji ya fasa tsibin, ya cika buhuna ya ɗaure, ya koro jakuna. Da ya iso gari bai ga mota ba, sai ya jibge kayan a rumfar zana ta gidan Tsoho, jikin ɗakin Kulsumu, don nan ne kusa da hanya, ya tafi neman direba. Rana tsaka ce, maza na sharar gona, mata na rijiya, Firdausi ta bi maƙwabta. Iskar bazara ta shiga tsakanin buhunan ta yi abin da ta saba. Kafin mutane su ankara rumfa ta kama, ɗaki ya kama, matar da ke ciki kuwa ba ta da ƙafar gudu. Da la'asar Tsoho ya dawo da ƙunshin magani a aljihu, ya tarar ana haƙa kabari.

Aka taru gaban mai gari. Nan Magaji ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe, har da majina.

"Ranka shi daɗe, ni jakkai kaɗai nik kora. Buhunna ɗaure nis same su. Shi yaɗ ɗaure abinai kahin shi tahi, ina jin gaggawar kasuwa ta."

Ya rantse, ya sake rantsewa. Babu wanda ya ga abin da aka yi a daji. Tsoho kuwa, wanda ko a ranar lafiya magana wuya take yi masa, iyakar abin da ya iya fitarwa shi ne, "Ƙarya na." Mai gari ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Amma mutane ba ƙaddara suka tafi da ita gida ba. Abin da suka tafi da shi shi ne Tsoho ya ɗaure wuta a buhu ya ƙone matarsa. Dangin Kulsumu suka ɗauke Firdausi zuwa Gurbin Bore, can ta girma hannun ƙanwar uwarta Turai, kuma da wannan labari aka shayar da ita.

Wannan shi ne abin da ya ci ran Tsoho shekara goma sha wani abu. Mutuwa ta Allah ce, ya sani. Amma a ce shi, shi da bai taɓa kwashe tsibi mai ɗumi ba tun da ubansa ya riƙe masa hannu, shi ne sakaran da ya kashe matarsa, kuma 'yar cikinsa ta yarda, wannan bai haɗiyu ba. Bai sake aure ba. Ya gina ɗaki ɗaya bakin gari, ya koma daji shi kaɗai da jaki ɗaya. In ya je Gurbin Bore da 'yar tsaraba, Turai ke karɓa a zaure, yarinyar ta leƙo ta koma.

Magaji fa? Ai sai arziki ya buɗe, kamar yadda yakan buɗe wa irinsu. Ya bar daji, ya koma Kaura Namoda ya zama dillali, ya gina sito mai rufin kwano kusa da tasha, ya je Makka ya dawo da haƙorin gwal. In sun haɗu a kasuwa ba ya kunya ba ya tsoro, daga nesa zai ɗaga murya: "Taubashi! Yau da wuta ko babu?" Jama'a su kwashe da dariya, tunda wasa ne. Tsoho ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗaurin buhu, zuciyarsa na tafasa. Ko ƙwayar gawayi ɗaya bai taɓa sayar masa ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, Tsoho na cikin waɗanda suka yi murna har da ƙwalla. Wasu na murnar rufe gidajen giya, shi lissafinsa daban. Ya wanke rigarsa ɗaya mai kyau ya tafi gaban alƙali ya zayyana komai. Alƙali ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi shaidu. Babu. Ya ce to in mai ƙara ba shi da shaida, rantsuwa na kan wanda ake ƙara. Tsoho ya san bakin Magaji, ya ga yadda rantsuwa ke fita daga cikinsa ba ko tuntuɓe. Ya gode wa alƙali ya fito.

Sai dai a shekarar ne wata ƙofa ta fara buɗewa. An aurar da Firdausi ga wani ɗan kabu-kabu mai suna Auwalu, suka zauna Kaura. Auwalu yaro ne mai kirki, in ya ga surukinsa a hanya sai ya tsaya ya sauka ya gaishe shi, har wata rana ya ja shi gida. Firdausi ta gaishe shi daga bayan labule. Zuwa na biyu ta fito ta durƙusa nesa. Ana nan wata rana ta ce, idonta a ƙasa, "Baba, mi yaf faru ran nan?" Ya faɗa mata komai, a hankali, yadda ya daɗe yana faɗa wa jakinsa a daji. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Amma ta tashi ta dama masa fura da hannunta, kuma da zai tafi ta ce ya gaida gida. A wannan rana da ƙafa ya koma Kasuwar Daji, bai ji nisan ba.

Da Firdausi ta haihu, ranar suna, Tsoho na zaune cikin dattawa ana raba goro, sai ga Alhaji Magaji da babbar riga tana jan ƙasa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya fi liman ɗaga murya. Yana shafawa ya juyo, haƙorin nan na walƙiya.

"Auwalu, shawara guda: ku yi nesa da jinjirin ga da buhunnan kakanai. Mun san halinai."

Aka yi dariya. Wasu suka sunkuyar da kai, amma an yi. Kuma zanar da ta raba maza da mata ba ta hana magana wucewa, Firdausi na ciki tana ji. Tsoho ya ajiye goronsa a tabarma ya tashi. A ranar da ya fara zama cikin mutane a matsayin kaka, a gidan 'yarsa, a nan la'anannen ya zaɓa. In akwai wanda zai ce Tsoho ya yi haƙuri a wannan rana, to bai taɓa rasa komai ba.

Bai nufi gida ba. Ya biya shagon Matthew, wani mai wanki da guga a bayan tasha, mutumin Filato, wanda ya daɗe yana sayen gawayinsa don dutsen guga. Da aka fara maganar Shari'a 'yan uwansa da yawa sun kwashe sun tafi, shi ya ce kwastomominsa ba su kore shi ba. Tsoho ya same shi yana fesa ruwa kan wata shadda, rediyo na rataye a ƙusa, ana ba da labarin wani dutse a Kamaru da ke aman wuta, narkakken dutse na gangarowa yana cin gonaki.

"Matiyu, dutse kuma da wuta?" Tsoho ya tambaya, don dai ya kawar da abin da ke ransa.

"Sosai, Baba Tsoho. Mu a garinmu a kan irinsu muke noma." Ya ajiye dutsen gugar a kan murfin tukunya. Ya ce a wajensu, can Kerang, akwai tuddai masu rami a ka kamar an kwashe tsakiyar tuwo, malaminsu na makaranta ya ce da can aman wuta suke yi. Yanzu dankalin Turawa ake shukawa a gindinsu, ƙasar baƙa ce, ta fi kowace albarka. Ya ce can ƙarƙashin ƙasa, nesa ƙwarai, akwai zafin da ke narka dutse, shi ne ke neman hanya ya fito. Wanda ke da hanya a buɗe, kamar na Kamaru, shi ne mai rai.

"To na garinku mi yak kashe su?"

"Yunwa," in ji Matthew. "In abin da ke ciyar da shi daga ƙasa ya yanke, ko ya kauce ya koma wani wuri, sai wanda ya rage a maƙogwaron dutsen ya daskare ya toshe hanya. Shi ke nan. Ruwan sama ya yi ta cin jikin tudun har ya ƙare. Ka taɓa ganin hoton dutsen Wase, wanda ke tsaye shi kaɗai kamar turmi? An ce maƙogwaron ne kawai ya rage, duk jikin ya tafi."

"Mai barci hwa?"

Matthew ya dube shi, don bai ambaci barci ba. "Akwai shi. Shi hanyarsa ce kawai ta rufe, amma abincinsa na nan a ƙasa. Zai yi shiru har kakanni su manta, ciyawa ta fito, a yi gari a gindinsa. Ka tuna tafkin nan na Kamaru, shekarun baya, da ya busa iska ta kashe mutane da shanu? Bakin irin wannan dutsen ne ruwa ya cika. Fulani na kiwo a gefensa, ba wanda ya san da komai."

"Ta ƙaƙa aka gane matacce da mai barci?"

"Daga waje? Ba a ganewa. Masu ilimi ma sai sun sa na'ura sun saurari ƙasa, kuma wani lokaci su ce ya mutu ya tashi ya ƙaryata su. Ko namu na gida, akwai masu cewa kada a cika rantsuwa."

Tsoho ya daɗe yana kallon garwashin da ke cikin dutsen guga. Ashe abin da ya sani a tsibinsa haka yake har a duwatsu. Daga waje ba a ganewa. Ya yi sallama ya fita, kuma kafin ya kai bakin gari ya gama shirya abin da zai yi.

Lokacin wa'azi ya yi yawa, ko'ina ana kiran a yafi juna, masu gaba na sasantawa a ƙofar masallaci. Wata Juma'a bayan an sallame, Tsoho ya ratsa sahu ya miƙa wa Magaji hannu gaban kowa.

"Taubashi, abin ya isa hakanan. Mu bar ma Allah."

Magaji ya rungume shi, jama'a na kabbara. Tsoho ya ji ƙamshin turarensa, ya daure ya yi murmushi. Daga ranar ya fara kai masa kaya. Duk tsawon daminar nan, lokacin da gawayi ke wuya, buhunan Tsoho ne ke cika siton nan, busasshe, mai nauyi, babu ƙasa babu ɗanye. Magaji ya yi ta tsokana, Tsoho ya yi ta dariya, har ya koyi ramawa kaɗan-kaɗan don kada a ga baƙonta. Mutane suka ce kai, Tsoho ya huce, tsufa ya zo da hankali. Firdausi ma ta ji daɗi, ta ce wa Auwalu hankalinta ya kwanta. Shi kuwa kullum ya sauke kaya sai ya ƙare wa siton kallo: ginshiƙan itace, buhuna har rufi, ƙofa ɗaya. Ba ran kowa yake nema ba, siton ba mai kwana ciki. So yake Magaji ya tsaya a titi da babbar rigarsa ya ga abinsa na ci, ya kasa yin komai, a kuma ce sakacinsa ne. Ya ɗanɗana ko da cokali ɗaya.

Ya bari har zafi ya dawo. Ya zaɓi wani kututturen ƙirya mai kauri daga tsibin da shi kaɗai ya san bai mutu ba, baƙi ƙirin a waje, ja a zuciya. Ya sa shi tsakiyar buhu ya cika da mataccen gawayi, ya ɗaure da hannunsa. Bai taɓa yin wannan ba a rayuwarsa, har yatsunsa suka so su ƙi. Ya ɗora wa jaki tare da sauran, ya kama hanyar Kaura da hantsi.

Ranar kasuwa ce, ƙofar sito cike da 'yan dako da masu saye. Auwalu ma na nan kan babur ɗinsa yana jiran fasinja. Aka sauke kaya. Tsoho ya tsaya gefe yana jiran a shigar.

Abin da bai taɓa lura da shi ba, duk tsawon watannin nan da yake ƙidaya ginshiƙai, shi ne abin da Magaji ke yi kafin a shigar da kowane buhu. Yana cikin surutu da dariya zai zura hannu ta bakin ɗaurin har gwiwar hannu, kamar mai duba kyawun kaya. Ba kyau yake dubawa ba. Mutumin da ya taɓa ɗaure wuta ya ga abin da ta yi, ko ya ƙaryata duniya bai ƙaryata hannunsa ba. Na farko, na biyu, ya wuce. Da ya zo kan buhun sai dariyar ta tsaya. Ya zaro hannu a hankali. Ya ɗago ya dubi Tsoho, kuma a wannan kallo Tsoho ya ga ya gane komai, tun daga musafahar masallaci.

Sai fuskar Magaji ta washe. Ya ja buhun tsakiyar titi, ya yanke igiya ya zazzage. Kututturen ya gangaro, ya sa ƙafa ya buga shi da dutse, ya rabe biyu. Iska ta taɓa shi, jan ya haska, ɗan hayaƙi ya miƙe.

"Jama'a ku zo ku gani! La'ilaha illallahu! Taubashi, har yau? Shekara nawa, ba ka iya rarrabe mai barci da matacce ba?" Ya dafa ƙirji ya girgiza kai. "Allah shi jiƙan Kulsumu. Da nih hwaɗi wasu cewa sukai sharri niy yi mai. To ga shi, idonku ya gani."

Mutane suka yi cincirindo. Wani dattijo ya ce, "Ashe dai gaskiya na." Shaidar da aka rasa tun wancan zamani, wadda ba ta taɓa wanzuwa ba, ga ta a tsakiyar titi tana hayaƙi, kuma Tsoho ne ya haɗa ta da hannunsa ya ɗoro wa jakinsa ya kawo.

Hanya biyu ce gabansa, ya gan su sarai. Ya yi shiru, ya zama sakaran da aka ce shi ne har abada. Ko ya faɗi gaskiya, a kai shi gaban alƙali. Bai yi dogon tunani ba. Muryar da ta ƙi fita gaban mai gari ta fito yau, har 'yan tasha suka juyo.

"Ƙarya kakai, maƙiyin Allah! Ni ban taɓa ɗaure wuta bisa kuskure ba, ko sau guda! Da gangan niy yi! Da hannuna nis sa ta, don in ƙone ka kamar yadda kaƙ ƙone ni! Ku kai ni ga alƙali!"

Wasu samari suka fara matsowa. Magaji ya ɗaga hannu ya tsayar da su, fuskarsa cike da tausayi, irin tausayin da ya fi mari ciwo.

"Ku ƙyale shi. Kunya ta, da tsuhwa. Wa zai ƙone ɗan uwanai da gangan? Ni na yahe mai duniya da lahira." Ya juya ga 'yan dako. "Ku kawo ruwa ku kashe abin ga, kak wani shi taka."

Aka yaba wa Alhaji, aka ce samun irinsa sai an tona. Ba wanda ya kama Tsoho, ba wanda ya ma tsaya yi masa faɗa. Ya ja jakinsa ya ratsa mutane suna buɗa masa hanya. Da ya waiwaya, babur ɗin Auwalu ba ya nan.

Kwana biyu bai shiga daji ba. Yana zaune ƙofar ɗakinsa da hantsi, sai ya ji ƙarar babur ta tsaya. Auwalu bai sauko ba, ya tsaya can bakin hanya ya kau da kai. Firdausi ce ta taho, goye da jaririn, cikin dogon hijabi. Tunda aka ɗauke ta tana 'yar shekara biyar ba ta taɓa tako ƙofarsa ba sai yau. Ya yi zumbur ya shimfiɗa mata tabarma. Ba ta zauna ba.

"Baba, Auwalu ya ce kai da bakinka kac ce da gangan kay yi."

"Hakanan na, ɗiyata. Ki tsaya in hwaɗa miki dalili."

"Kuma wata da watanni kana dariya da shi, kana ci kana sha da shi, ba wanda yag gane komi ga huskarka. Ko ni."



Ta gyara goyonta. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba, kuma karon farko a rayuwarta ta dube shi ido cikin ido.

"To na Inna hwa, Baba? Shi ma da gangan na?"